Zobe a Ƙafar Yautai

Rana ta riga ta faɗa bayan rufin maƙwabta sa'ad da Uwar Tsuntsaye ta shigo gida, takalmanta duk taɓo, ragarta a naɗe a kafaɗa, ga wata 'yar jakar yadi tana lallaɓawa kamar mai ɗauke da ƙwai. Ba shi ne sunanta na yanka ba. 'Yan unguwa ne suka laƙaba mata don tsokana, ita kuwa ta karɓe shi hannu bibbiyu, har ya zama in ka kira ta da na gaskiyar sai ta yi jim kafin ta amsa. Ranakun aiki tana ɗakin gwaje-gwaje na wani ƙaramin asibiti, tana leƙen jinin mutane ta madubi. Ranakun hutu kuwa ita ce jagorar 'yan sa-kai masu ƙidayar halittun kurmin bayan unguwa. Akwai tela a cikinsu, da malaman makaranta, da wani tsohon direba, da matan da suka gaji da zaman tsakar gida.

Kurmin ba wani babba ba ne. Tafki ne ɗan madaidaici, da ciyawa mai kai ƙugu, da itatuwa da suka kewaye wani tsohon ɓaure. Amma shi kaɗai ya rage a duk garin nan, kuma hukuma ta ce da ƙarshen damina za a yanka shi filaye, sai fa in an nuna mata zahiri cewa akwai masu rai a ciki da suka isa a bar musu wuri. Shi ya sa suke sammako, kowa ya tsaya inda aka ajiye shi, ya ƙirga abin da ya gani da abin da ya ji kukansa. Wanda ya faɗa raga a auna shi, a maƙala masa ɗan zobe mara nauyi a ƙafa don kada a ƙirga shi sau biyu, a sake shi.

Mijinta, Mai Lantarki, yana zaune a tsakar gida ya baje cikin wata fanka a kan tabarma. Ya dubi jakar ta saman tabarau.

"Yau kuma wane suruki kika kawo mana?"

"Yautai ne."

Ya ajiye sukundireba. "Tsuntsun da mutane ke kauce wa a hanya, shi kika saka a jaka?"

"Tsuntsu ne, Baban Auta. Nauyinsa bai kai batirin tocilarka ba."

Suna da ƙa'ida a ƙungiyar: tsuntsun da aka kama rana na faɗuwa ba a sakinsa cikin duhu, kada muzuru ya yi buɗa baki da shi. Sai a ajiye shi a jakar yadi wuri mai shiru, da safe a mai da shi. Sai dai ƙa'idar ta tsuntsun rana ce. Yautai ɗan dare ne, magariba ce safiyarsa, kuma ta san haka sarai. Amma tun da aka fara ƙidayar ba a taɓa kama irinsa ba, tana son hotonsa da hasken safiya, hoton da zai sa mutanen ofis su ɗago kai su saurara. Sai ta jawo ƙa'idar ta lulluɓa wa son zuciyarta.

Auta, 'yarsu da ke ajin ƙarshe na sakandare, ita kaɗai ta rage a gabansu, yayyenta duk sun kama gabansu. Ita ta riƙe tsuntsun, ta miƙo siririyar ƙafarsa, uwar ta ɗauko filaya ta matse zoben a hankali. Tsuntsun bai yi kuka ba, bai yi fuffuka ba. Manyan idanunsa baƙaƙe na kan fuskar yarinyar. Bakin zoben na haɗuwa, dutse ya faɗo a kan kwanon rufi, ya gangaro a hankali, ya faɗi a gaban tabarma.

"Yaran unguwar nan," in ji Mai Lantarki, ya ci gaba da aikinsa.

Ɗakin Auta ya fi ko'ina shiru, don haka a can aka rataye jakar, jikin ƙusar bayan ƙofa. Da safe aka ɗauki hoto, aka mai da yautai gindin ɓaure aka sake shi. Uwar Tsuntsaye ta dawo tana murna, a ganinta magana ta ƙare.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Da magaribar ranar jifa ta dawo, haka ta gobenta, haka ta jibinta. Ba jifar yara ba ce mai gaggawa da gudu. Dutse ɗaya zai faɗo, a yi shiru mai tsawo har ka fara sakin numfashi, sannan wani ya biyo. Duwatsun a jiƙe suke, da gansakuka kore a jikinsu, da warin ruwan tafki. Mai Lantarki ya hau tsani ya leƙa, ya zagaya bayan gida da sanda, bai ga ko kare ba. Ya ɗaura ƙwan fitila mai hasken gaske a saman katanga, irin wanda yake sa wa masu shaguna. Ƙwan ya yi haske har aka kira salla, sannan ya dushe a hankali ya mutu, alhali na maƙwabta na ci. Mutumin da ya shekara da shekaru yana wasa da waya mai wuta ya sauko daga tsanin yana ta salati.

Bayan jifa sai murya. Daga bayan katanga take fitowa, ƙasa-ƙasa, muryar tsoho mai haƙuri, kuma ƙirga take yi. "Ɗaya," ta ce. Sai shiru. "Biyu." Sai ta tsaya nan, kamar mai neman na ukun bai gan shi ba. Su uku ne a gidan. Ba wanda ya faɗi haka da baki, amma kowa ya yi lissafin a zuciyarsa.

Wata magariba Auta ta fito daga ɗaki da buta za ta yi alwala. Muryar ta ce ɗaya, ta ce biyu, sannan, dab da kunnensu, cikin tsakar gidan, ta ce, "Uku." Butar ta suɓuce, yarinyar ta zube inda take.

Da ta farfaɗo ba Autar da suka sani ba ce. Yarinyar da bakinta ba ya hutawa, wadda ke kwaikwayon tafiyar ubanta har ya bi ta da takalmi, ta koma ba uhm ba uhm-uhm. Da rana sai ta sauka daga gado ta lafe a ƙasa, ƙirji a siminti, idanu rabi a rufe. Rana na karkata sai idanun su buɗe tar, wani gurnani siriri mai tsawo ya riƙa fitowa daga maƙogwaronta ba tare da ta ja numfashi ba. Uwar ta san kukan, na yautai ne, ta sha jinsa a kurmi. A idon sawun yarinyar na dama kuwa wani zane ya fito, baƙi, ya kewaye ƙafar, kuma ƙafar ba ta ɗaukar ta.

Uwar Tsuntsaye ta ɗebi jinin 'yarta da hannunta, ta kai wurin aiki, ta duba ta sake dubawa har idonta ya yi ja. Jini lafiya lau. Likitoci suka yi nasu, suka rubuta maganin barci. 'Yan ƙungiya suka fara janye jiki, wannan ya ce ciwon baya, waccan ta ce mijinta ya hana. Ita kaɗai take zuwa kurmin yanzu, ba don ƙidaya kaɗai ba, tana neman yautan ta cire masa zoben. Takan gan shi kuwa, a lafe a tsakiyar hanya. In ta matso sai ya tashi ya sauka ɗan gaba kaɗan, ta bi, ya ƙara gaba, har rana ta take, ta dawo gida ƙaya ta yayyage mata zane.

"An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka," in ji mijin wata rana, bai ko dube ta ba. "Ga shi ke kika ja, 'yata ake duka."

Maganar ta soke ta, don gaskiya ce. Tsoro take ji irin wanda ba ta taɓa ji ba, amma ƙarƙashin tsoron akwai fushi, kuma fushin kullum ƙaruwa yake. Ko wane ne wannan, ya ga babba a gidan, ya tsallake ta ya kama yarinya.

Mai Lantarki ne ya je ya zo da Malam. Wani dattijo ne siriri mai sanyin murya, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a karatu, ba ya son hayaniya, ba ya kuma son a taru a kansa. Ya zo bayan la'asar, ya zauna a bakin ƙofar ɗakin Auta, ya sa aka ba shi labari tun daga raga har zuwa buta. Bai yi wa kowa faɗa ba. Ya ce uban ya riƙe kafaɗun yarinyar, uwar ta zauna wajen ƙafafunta, sannan ya fara karatu.

Ya daɗe yana yi. Inuwar katanga ta tsallaka tsakar gida ta hau bango, kajin maƙwabta suka yi shiru, ɗakin ya cika da warin taɓo. Can sai gurnanin ya tsaya cak. Auta ta ɗago kai a hankali, bakinta ya buɗe, muryar bayan katanga ta fito daga ciki.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Makiyayi ne."

"Me kake kiwo?"

"Duk abin da suke ƙirgawa. Damo da bushiya, kunkuru da zalɓe, har kwaɗin bakin ruwa. Yautan nan shi ke shige wa garkena gaba. An ɗaure masa ƙarfe, an rataye shi ya kwana a ƙusa. Uwar yarinyar ta taɓa nawa, na taɓa nata."

"Yarinyar ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba," in ji Malam. "Zalunci ne, kuma kai ma akwai ranar da za a tambaye ka. Ka ji tsoron Allah ka fita."

"Zan fita. Amma a ƙona ragar, a daina ƙidaya, kada mai raga ta sake taka kurmin. Abin da ɗan Adam ya ƙirga ya zama nasa. Yau ƙidaya, gobe gatari. In ba haka ba, in tafi da ƙafar."

"Mun yarda," in ji Mai Lantarki da sauri, hawaye na bin gemunsa. "Wallahi mun yarda. Yanzu zan kawo ashana."

"Ni ban yarda ba."

Uwar Tsuntsaye ce. Ba ta ɗaga murya ba, hannunta na kan idon sawun 'yarta, wurin sanyi ƙalau. Mijin ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba. Ita kuwa ta riga ta hango abin da shi bai hango ba: in aka daina ƙidaya za a sare kurmin, kuma ranar da wannan tsohon ya rasa wurin kwana, ƙofa ɗaya ya sani a duk garin.

"Allah gafarta Malam, a ba ni izini in tambaye shi."

"Ba a jan zance da su, 'yata. Ƙaryarsu ta fi gaskiyarsu yawa."

"Kaɗan ce tambayar."

Malam ya gyaɗa kai. Ta dubi fuskar da ta haifa, ta yi magana da wanda ke bayanta.

"Kafin kurmin nan, a ina kake kiwo?"

"A fadamar da tashar mota take yanzu."

"Kafin can fa?"

"Inda ake buga bulo."

"Wa ya ƙirga dabbobinka a can?"

"Babu. Ba wanda ya san da mu."

"To ɓuyan ya tsirar da ku?"

Wani ɗan dutse ya gangaro daga rufi shi kaɗai, ya faɗi a waje.

"Na haddace garin nan," ta ci gaba. "Bayan wannan kurmin babu wani, sai kwalta da kwano. Masu zuwa da ƙarshen damina da katafila za su zo, ita kuwa ba ta ƙirga, ba ta sallama. Za su ce fili ne, ba kowa a ciki, kuma ba mai ƙaryata su sai wanda ya ƙirga. Kwanan da yautanka ya yi a gidan nan laifina ne, kawo shi in cire zoben da hannuna. Amma 'yata ba jingina ba ce, ragata kuma ba za ta ci wuta ba. Gobe da asuba ina kurmin. In jifa ce, ga kaina, ka san shi."

Jikin Auta ya sandare har uban ya kusa kasa riƙe ta. Idanun suka tsaya a kan uwar, baƙaƙe, ba ƙiftawa. Ita ma ba ta kau da nata ba. Malam ya koma karatu a hankali, bai ɗaga murya ba, bai kuma sassauta ba.

"In kika ƙirga kuma aka sare fa?" Muryar ta yi ƙasa, ta koma ta tsoho mai gajiya.

"Sai ka neme ni, ba ita ba."

"A'a," in ji Malam, karo na farko da ya yi tsawa. "Ba ita, ba uwarta. Ba a ba ku rai jingina. Abin da za ta iya shi ne ta yi iyakar ƙoƙarinta, sauran na Mai sama ne. Faɗi abin da ke haƙƙinka, ka fita."

Daga nesa mai kiran salla ya fara gyaran murya.

"Kada a kafa raga in rana ta karkata. Kada wani nawa ya sake kwana ƙarƙashin rufi."

"Na ɗauka," in ji Uwar Tsuntsaye.

"Ni kuma ba a ƙirga ni."

"Ba ka cikin abin da muke nema. Zoben fa? Yaushe za ka kawo shi?"

"A bar masa. In masu katafilar suka zo, su tarar da shi da shaida."

Malam ya sa shi ya rantse da Wanda ya halicce shi cewa ba zai dawo ba, ya umarce shi ya fita ta inda ya shiga. Ƙafar dama ta yi karkarwa a hannun uwar, ta miƙe, ta saki. Auta ta yi atishawa, ta sake yi, sannan ta buɗe ido ta dubi mutanen da suka kewaye ta.

"Umma, ƙishirwa nake ji. Abba, me ya sa kake kuka?"

Uwar Tsuntsaye ta tashi za ta ɗebo ruwa, amma ba ta yi nisa ba. Nan ta durƙushe a bakin ƙofa ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa, har sai da Malam da kansa ya ɗauko kofin. Wannan magaribar ba abin da ya taɓa rufin. Ƙwan saman katanga ma ya kawo wuta don kansa, Mai Lantarki ya daɗe yana hararar sa.

Da asuba ta ɗauki madubin hangen nesa ta rataya a wuya. Mijin na tsaye a bakin ƙofar gida, ya harɗe hannuwa.

"Maman Auta, ke dai ba kya jin magana."

"Da ina ji, da ban aure ka ba. Matsa."

Sai ga Auta ta fito, ta rame, tana ɗan ɗingishi, zanen ƙafarta ya koma kamar sawun zare. Ta sa takalman taɓon uwarta na da. Uban ya buɗe baki, ta riga shi.

"Ni aka ƙirga, Abba. Zan je in rama."

Haka ya bi su a baya da tocila, yana mita shi kaɗai.

Gari ya fara wayewa sa'ad da suka isa. Uwar Tsuntsaye ta san kurmin nan kamar tafin hannunta, ta san yadda ake zama ƙafa ta yi tsami kafin a ga wutsiyar abu ɗaya. Yau tun daga bakin hanya ta ja ta tsaya. Bushiya da 'ya'yanta na tsaye a fili. Kunkuru sun jeru a bakin tafki, damo ya miƙe a kan kututture, fakara sun fito daga ciyawa, kurege na kan suri. Zalɓe da balbela sun cika gaɓar ruwa, rassan kuwa sun sunkuya da tsuntsayen da ta shekara tana jin kukansu ba ta taɓa sa su a ido ba. Ba mai gudu, ba mai kuka. A tsakiyar hanya yautai na lafe, zoben na ƙyalli a ƙafarsa, kuma da ta matso bai tashi ba.

Mai Lantarki ya kashe tocila. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Bari in je in taso tela da direba. Wannan ya fi ƙarfin mutum biyu."

Uwar ta cire madubin ta rataya wa 'yarta. Auta ta ɗaga shi, ta fara daga hagu kamar yadda aka koya mata, leɓɓanta na motsi. Da ta iso kan ɓauren sai ta tsaya, ta kama hannun uwarta ta matse.

"Umma, akwai wani tsoho a tsaye a gindin itacen, da sanda."

"Na gan shi," in ji Uwar Tsuntsaye. "Tsallake shi, ki ci gaba."